Yadda Ake Haɗa Tukunyar Itace ta Waje da Bututun Ɗumama Gida

In ka bi hanyoyin karkara a arewacin Minesota ko Wiskonsin ko Manitoba cikin watan Janairu, za ka riƙa ganin wani ɗan ɗakin ƙarfe a bayan gidaje, kamar rumbu, hayaƙi na fita ta kansa, ga tulin faskare a gefe. Tukunya ce. A cikinta akwai murhu, kuma ruwa ya kewaye murhun ta kowane gefe. Wuta ta dafa ruwan, famfo ya turo shi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gida, ya sauke zafinsa, ya koma a sake dafa shi. Toka da hayaƙi da haɗarin gobara duk suna waje, ɗumi kaɗai ke shigowa. A ƙasar da aka taɓa auna sanyin digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Faranhait, a garin Tower na Minesota ranar 2 ga Fabrairun 1996, wannan ba kayan ado ba ne. Shi ya sa ma masu ƙera tukwanen suka taru a yankin: Central Boiler a Greenbush, Heatmor a Warroad, HeatMaster kuma a Winkler ta Manitoba.

Na rubuta wannan don ɗan'uwan da ya sayi gida a bayan gari a irin waɗannan wurare, kuɗin gas ya ishe shi, ga itace a gonarsa. Mutum yakan ɓata wata guda yana zaɓen tukunya, sannan ya sayi bututu da famfo cikin minti goma, alhali su ne za su yanke hukuncin ko gidan zai yi ɗumi. Ni ma haka na yi a hunturuna na farko. Na sayi bututu mai araha, irin wanda ake naɗe shi da ledar azurfa a zura cikin baƙar roba. Wata safiya maƙwabcina, wani dattijo manomi, ya kira ni bakin shinge ya nuna mini tsakar gidana. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina har gwiwa, sai wani layi guda baƙi, miƙaƙƙe, daga tukunya har bangon gida, inda ƙasa ke jiƙe tana tururi. Ruwan ƙasa ya shiga cikin robar, itacen da nake faskarawa ƙasa yake ɗumamawa. Da bazara sai da na sake tone ramin gaba ɗaya.

Kafin ka taɓa shebur

Fara da ofishin ƙaramar hukumarku da kamfanin inshorar gidanka. Wasu garuruwan sun hana tukunyar ɗungurungum saboda hayaƙi, wasu sun ƙayyade nisa. A jihar New York, alal misali, sabuwar tukunyar gida dole ta yi nisan ƙafa 100 daga iyakar filinka, bututun hayaƙinta kuma kada ya gaza ƙafa 18. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta kafa ƙa'idar hayaƙi ga irin waɗannan tukwane a 2015, ta ƙara tsaurarawa a watan Mayun 2020, don haka sabuwar da za ka saya ta zama mai shaidar hukumar. Sannan in a Amurka kake, ka kira lambar waya 811 kwanaki kaɗan kafin tono. Kyauta ne, za su zo su kafa 'yan tutoci inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Wurin zama: ka lura da inda iska ta fi kaɗawa da hunturu, ka ajiye tukunyar ta yadda hayaƙi zai bar gidanka da na maƙwabta. Haƙƙin maƙwabci ya shigo nan, kuma yawancin dokokin da suka hana tukunyar, ƙorafin maƙwabta ne ya haifar da su. Ka tuna kuma kai ne za ka riƙa takawa can sau biyu a rana cikin ƙanƙara. Ka zuba daɓen kankare mai kaurin inci 4, ka bar rami a bayansa inda bututu zai ɓullo, ka faɗaɗa gaban don wurin tsayawa da kwashe toka.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Zauna da biro da takarda. Zafin da ruwa ke kai wa gida a awa guda, a ma'aunin BTU da ake amfani da shi a can, shi ne galan nawa ke wucewa a minti, sau 500, sau bambancin zafi tsakanin ruwan da ya shiga da wanda ya fito. An saba tura ruwa yana digiri 180 na Faranhait, wato kusan 82 na Salshiyas, a so ya dawo yana 160. Bambanci 20 ke nan. To in gidanka na bukatar BTU 100,000 a daren da ya fi kowane sanyi, sai ka raba da 10,000, wato 500 sau 20, ka sami galan 10 a minti, kusan lita 38.

Yanzu duba bututun. PEX, wato bututun roba mai jure ruwan zafi, mai inci ɗaya, wanda kowa ke saya don shi ne a kan kanta, yana ɗaukar galan 7 zuwa 8 cikin kwanciyar hankali. In ka matsa masa ya kai 10, sai ka nemi ƙaton famfo mai shan wuta dare da rana har wata shida. Mai inci ɗaya da kwata yana ɗaukar wajen 11. Ƙaramin gida mai rufi da bango masu riƙe ɗumi, inci ɗaya ya ishe shi. Babban gida, ko wanda za a haɗa masa gareji da ruwan wanka, ko tukunya mai nisa, a tafi inci ɗaya da kwata kai tsaye. Kada ka manta tafiya da dawowa ce: tukunyar da ke ƙafa 100 daga gida, ruwanta ƙafa 200 yake ci, ban da gwiwoyi da bawul-bawul da duk abin da zai ratsa a ciki.

Da wannan adadin za ka zaɓi famfo. Kowane famfo yana da zanen da ke nuna galan nawa zai tura a kan tirjiya kaza. Taco 007 sananne ne, yana aiki lafiya a gajeren zagaye cikin gida, amma a doguwar tafiya numfashinsa ƙarewa yake yi. Irin su Taco 0011 ko Grundfos UPS 26-99 aka fi sa wa wannan aiki. Ka kai wa mai sayarwa tsawon bututunka da faɗinsa da galan ɗin da kake so, ka ce ya nuna maka a jikin zanen. Wanda ya miƙo maka famfo bai tambaye ka tsawon bututu ba, canza shago.

Rami da bututu

A nan zan daɗe, don abin da ka binne ba ka sake ganinsa. Bututun kirki shi ne wanda aka zuba wa kumfar roba mai tauri, ta cika tsakanin bututu biyun da baƙar rigar waje ba tare da ko kafar allura ba. Central Boiler na sayar da irinsa da sunan ThermoPEX, kamfanonin Logstor da Rehau ma suna yin irinsa. Yana da tsada, yana da taurin kai wajen lanƙwasawa, amma ko rigar ta ɗan huje ruwa ba ya samun hanyar bi. Mu koma lissafinmu ka ga abin da araha ke ci. In galan 8 na wucewa a minti, ruwan kuma ya rasa digiri 5 tsakanin tukunya da gida, BTU 20,000 ke nan a kowace awa ta tafi cikin ƙasa, kashi ɗaya cikin biyar na abin da gidan misalinmu ke bukata a dare mafi tsanani. Mai kyau, a irin wannan nisa, da ƙyar ma'auni zai nuna maka asarar digiri ɗaya ko biyu.

Zurfin rami ƙafa 2 ya isa ga bututu mai kumfa. Sanyi yana ratsa ƙasa fiye da haka nesa ba kusa ba, dokar gini a Minesota tana lissafa inci 42 a kudu da 60 a arewa, amma ruwa mai zafi da ke gudana ba ya daskarewa, kuma in ka nutsa da yawa za ka iya tarar da ruwan ƙasa, wanda shi ne babban abokin gaba. Inda mota za ta bi ta kai, ƙara zurfi ka zura shi cikin wani babban bututu. Ka tsince duwatsu masu kaifi, ka shimfiɗa yashi a ƙasa da sama. Ka warware naɗin bututun a rana mai ɗumi ka bar shi ya miƙe kafin ka sa shi, mutum uku ko huɗu, don in ya kuɓuce yana iya dukan mutum. Guda ɗaya za ka sa daga tukunya har cikin gida. Kada a yi haɗi ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa.

Tun kafin ka rufe, ka shafa jan fenti ko ka ɗaura jan tef a bakin bututun tafiya, can da nan, don in duka biyun launinsu ɗaya ne za ka rikice. Wayar wutar da za ta kai wa tukunya lantarki a ramin nan za ta bi, mai jure binnewa ko a cikin bututun roba, kuma haɗa ta aikin mai lasisin wuta ne. Ka ƙara wani bututun roba fanko da igiya a ciki saboda wata wayar gobe. Inda bututu ya huda bangon ɗakin ƙasa, ka toshe da simintin da ke hana ruwa, ciki da waje. A ɓangaren tukunya, rigar bututun ta ɗago sama da daɓe da 'yan incina, a rufe bakinta don ruwan sama, kuma kada PEX ya zauna a rana, haske yana cinye shi. Ka bar ramin a buɗe har sai an gwada layin da matsin iska ko ruwa an ga bai sauka ba.

A bayan tukunya

Yawancin waɗannan tukwane buɗaɗɗu ne. Akwai wata 'yar kafa a samansu da ke shaƙar iska, don haka ruwan ba ya cikin matsi. Kada ka taɓa toshe kafar nan ko ka ɗaure ta, ita ce ke hana tukunyar fashewa in ruwa ya tafasa. Wannan buɗewar ce kuma ta sa ake ɗaura famfo a nan bayan tukunya, a bututun tafiya, can ƙasa-ƙasa, inda nauyin ruwan da ke sama ke danno masa ruwa a baki. Famfo ya iya turawa, bai iya zuƙa ba. In ka kai shi cikin gida a wurin da ya fi tukunya tudu, ruwa mai zafi zai riƙa tsinkewa a bakinsa, ka ji yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, cikin ɗan lokaci ya lalace. In dole sai a gida, to a ɗakin ƙasa, ƙasa da matakin ruwan tukunya sosai.

Sandar da ke juyawa cikin famfon ta kwanta a kwance, kada ta tsaya a tsaye, kibiyar da ke jikinsa kuma ta kalli gida. Ka sa bawul gabansa da bayansa. Ranar da zai mutu, kuma tsakar dare cikin Janairu yake zaɓa, za ka rufe biyun, ka kwance noti huɗu, ka sa wani cikin kwata ɗin awa ba tare da ka zubar da galan 200 ba. Ka sayi na biyu ka ajiye tun yanzu.

Ruwan da ke dawowa kada ya sauka ƙasa da digiri 140, wato 60 na Salshiyas, masu ƙera da dama ma 150 suke so. In ya fi haka sanyi, bangon murhu yana yin gumi daga ciki, gumin ya haɗu da toka da baƙin kwaltan hayaƙi ya zama abu mai cin ƙarfe. Akwai bawul mai aiki da zafi da ke mayar da ruwa tukunya har sai ya yi zafin da ake so kafin ya bar shi ya shiga gida. In littafin tukunyarka ya ce a sa, ka sa, garantinka na iya rataya a kansa.

Cikin gida

Da bututu ya shigo, ka sa bawul a kowane layi, da ma'aunin zafi a kowanne, da bakin tiyo guda biyu don cikawa da fitar da iska, sai mataci mai siffar Y a layin shigowa. Daga nan ruwa zai bi tashoshi a jere, wanda ya fi bukatar zafi shi ne farko.

Tashar farko ruwan wanka. Ana sa ɗan akwatin farantan musayar zafi, mai faranti 20 ya ishi gida, a bututun ruwan sanyi da ke shiga tankin hita. Ruwan tukunya na bin gefe ɗaya na farantan, ruwan sha na bin ɗayan, ba sa taɓa haɗuwa. Ka haɗa su su riƙa gudu suna fuskantar juna, wannan ya shiga ta sama, wancan ta ƙasa, don haka ne zafi ke ƙetarewa sosai. Abin da ba na yarda a tsallake shi ne bawul mai gauraya a bakin fitar tanki, a saita shi a digiri 120, wato 49 na Salshiyas. Ba tare da shi ba ruwan da zai fito a famfon alwala yana iya haura 160, kuma irin wannan yana sale fatar yaro kafin ya janye hannu. In ruwan rijiyarku mai gishirin ƙasa ne, farantan za su yi kanta, sai ka sa bakin wanki a gefensu ka riƙa zagaya ruwan binega duk shekara.

Tasha ta biyu ta danganta da abin da gidan ke da shi. Yawancin gidajen Amurka injin iska mai zafi gare su, mai fanka da magudanan kwano. A nan ana sa wani abu kamar lagireton mota a cikin akwatin kwanon da ke saman injin. Ka auna akwatin ka sayi daidai da shi, ka yanka gefe, ka kafa 'yan ƙarafan da zai zauna a kai, ka zura shi, ka toshe duk wata kafa da tef ɗin azurfa, don iska in ta sami hanyar kewayewa ba za ta ratsa shi ba. In lagireton a tsaye yake, ruwan zafi ya shiga ta bakin ƙasa ya fita ta sama, ya kore iska. In akwai na'urar sanyaya ɗaki a akwatin, lagireto ya zauna tsakaninta da injin, don sanyinta kada ya daskarar da ruwan da rani. Sai ka ƙara tamostat, wato makunnin da ke aiki da zafin ɗaki, na biyu wanda fanka kaɗai yake kunnawa, tsohon kuma ka saukar da shi digiri 4 ko 5, ya zama ɗan jiran gado: in wutar itace ta mutu, gas ya karɓa. Wannan haɗin yana bukatar rile, wato ɗan makunnin lantarki mai raba layukan biyu, a tsakani, in ba haka ba wuta kan bi ta tsohon tamostat ta tayar da injin sanyi na waje cikin ƙanƙara.

In kuwa gidan da ma da ruwa ake ɗumama shi, da boilar gas da lagiretocin bango ko bututu cikin daɓe, to wancan rufaffen tsari ne, matsinsa wajen 12 zuwa 15 a ma'aunin psi, da bawul ɗin kariya da ke buɗewa a 30. Kada ka haɗe shi kai tsaye da buɗaɗɗiyar tukunya. Matsin zai zube, ruwan benen sama ya gangaro ya fita ta kafar tukunya, iskar da ke cikin ruwan waje kuma ta sa tsatsa ta ci boilar. Manyan farantai za ka sa a tsakani, 40 zuwa sama gwargwadon gidan, a layin da ke komawa boilar gas, yadda ruwa zai iso mata da zafinsa ta ga ba ta da aikin yi. Bututun cikin daɓe kuma ba ya son 180, sai an gauraya masa ya sauko wajen 100 zuwa 120.

Cikawa da kunna wuta

Ka jona tiyo daga famfon gida, ta bawul mai hana ruwa komowa, zuwa bakin da ka tanada. Rufe layin dawowa, tura ruwa ta layin tafiya har ka ji ya daina tari a cikin tukunya yana zuba sumul. Sai ka juya, ka rufe na tafiya, ka tura ta cikin tashoshin gida da layin dawowa. Iska guda da ta maƙale a ƙololuwar lagireto ta isa ta tsayar da komai, don haka kada ka yi gaggawa a nan. Ka tsaya a alamar ruwan sanyi, don ruwa yana kumbura da kusan kashi 3 cikin 100 in ya yi zafi, galan 6 ke nan a tukunya mai 200. Ka zuba maganin tsatsan da mai tukunyar ya ce, ka riƙa aika ruwan gwaji duk shekara. In za ka sa maganin daskarewa, sai mai suna firofilin gilaikol. Na mota guba ne, kada ya kusanci tsarin da ke maƙwabtaka da ruwan sha.

Kunna famfo ya yi awa guda ba wuta, ka bi kowane haɗi da busasshen tsumma. Sannan ka hura 'yar ƙaramar wuta da busasshen itace, wanda damshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Za ka ga ruwa na tsiyaya a bangon murhu har yana ɗiga ta ƙofa. Gumi ne, ba yoyo ba, zai ɗauke da zarar ruwan ya yi zafi.

Da ta kai 180, kunna fanka ka ɗauki biro. Rubuta zafi a wuri huɗu: fita daga tukunya, shiga gida, fita daga gida, komawa tukunya. Tsakanin na ɗaya da na biyu kada ya wuce digiri 2. Tsakanin na biyu da na uku, wajen 20. In ka ga 35 ko 40, ruwa ba ya gudu yadda ya kamata: duba mataci, sake korar iska, sannan ka tuhumi famfo. In ka ga 5 kacal kuma gida na sanyi, lagireton ya yi ƙanƙanta ko iska na kewaye shi. Ka manna takardar a bango kusa da bawul-bawul ɗin, don da ita za ka gwada duk ranar da wani abu ya canza.

Famfo ba ya hutawa daga farkon sanyi har ƙarshensa. In za ka yi tafiyar mako biyu zuwa gida, kada ka kashe shi. Injin gas zai riƙa ɗumama lagireton, ruwan ya kwashi ɗan ɗumin ya kai waje, bututu da tukunya su tsira daga daskarewa. Ka bar wa maƙwabci makulli da lambar waya, ka nuna masa inda janareta yake da soket ɗin da famfon ke ciki, saboda ranar da guguwa za ta ɗauke wuta.